Littafi a Cinya, Hannu a Cikin Gyaɗa

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa da masu sauraro.

Ni uwa ce daga wani ƙauye kusa da Makoda. Sai da na girma na koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci. Shi ya sa duk tsadar da ake ciki, na hana 'yata Sa'a zuwa ƙwadago don ta yi makaranta. Tana aji biyar.

Malaminsu ya ware lokaci, wai kowa ya karanta littafin labari da kansa. Na yi murna. Rannan na ce, "Sa'a, ba ni labarin da kika karanta." Sai ta nuna mini yatsunta duk sun saɓule, ta ce, "Inna, littafin a cinya muke buɗe shi saboda masu duba makarantu. Gyaɗar Malam muke ɓarewa."

Na miƙa mata littafina, ko layi ɗaya ta kasa karantawa, ga jarrabawa ta matso.

Wallahi ban yafe ba. So nake a tsayar da shi gaban iyayen yara a kunyata shi, sannan a kore shi. Ku faɗa mini ofishin da zan kai ƙara. Mai cewa in yi haƙuri ya riƙe shawararsa.