Wa Zai Yi Musu Wanka?

A ofishin lauyoyin da ke taimaka wa mutane kyauta, benci ɗaya ya haɗa wani direban tasi da ya saki matarsa da wata tsohuwa da bai sani ba. Sai kaɗa makullin mota yake yi.

"Wallahi Iya, sai na ƙwace 'ya'yana," in ji shi. "Wai kotu za ta bar mata su. Za ta gani!"

"Su nawa ne?"

"Uku. Ƙaramin bai daɗe da barin nono ba."

"To ɗan nan, kai da ke kan titi tun asuba, wa zai yi musu wanka? Ko a bayan mota za ka zuba su kamar kaya?"

"Haba Iya! Ai uwata na nan da ranta."

Tsohuwa ta ja tsaki. "Ka tambaye ta?"

"Sai na tambaye ta? Jikokinta ne fa."

"Haka nawa ɗan ya ce. Ya ci shari'a, ya kawo mini huɗu ya jibge, ya kama gabansa." Ta shafa gwiwarta da ta kumbura. "Ku ba 'ya'yan kuke so ba, hawayen uwarsu kuke so."

Direba ya daina kaɗa makulli. "To me ya kawo ki nan?"

"Na zo lauya ya nuna mini yadda zan mayar da su wurin uwarsu. In ka gama, ka ba ni lambar taka uwar, in gaya mata ƙofar da ake shiga."