Manomin Tattasai a Waya

A tashar Gashua, motar Nguru na jiran cika. Wani saurayi yana kallon fim a waya yana dariya, wata dattijuwa na zaune gefensa.

"Ɗana, rage ƙarar nan."

"Yi haƙuri, Inna, fim ɗin ne da ban dariya. Wani manomin tattasai ne ya faɗi magana ɗaya a rediyo, sai 'yan siyasa suka tsayar da shi takarar kansila."

"Na san labarin."

"Ai wawa ne. Duk abin da aka raɗa masa sai ya maimaita."

"Ba wawa ba ne. Yarda da mutane ya yi."

"An ce ma da gaske aka yi. Ni kaina na yi ta tura bidiyon ainihin mutumin, ranar da ya yi kuka gaban 'yan jarida."

Ta juyo ta dube shi.

"Sun nuna inda ya daina fita kasuwa, yara na binsa da waƙa?"

"A'a, a fim ai shi ya ci zaɓe."

"To, na fim ya yi sa'a. Na gasken maigidana ne, yana kwance a asibiti a Nguru. Janye ƙafarka, kular abincinsa kake takawa."