Ba Hoto, Sai Igiya

A kan bencin ƙofar ofishin tallafin ambaliya, wani dattijo makiyayi na zaune da igiya a cinyarsa. Wata mai kiwon awaki ta zauna gefensa.

"Baba, ina hotonka?"

"Hoton me, 'yata?"

"Na gawar dabbar. Gwamnati ba ta biyan kowa sai ta ga abin da ruwa ya kashe."

Dattijon ya shafa igiyar. "Saniyar na binne ta. Da nononta na raini jikokina. Sai in bar wa ungulu ita, ina yawon neman mai waya?"

"Ai kuwa za ka koma hannu rabbana."

"Ga igiyarta. Har yanzu da ƙamshinta."

"Ma'aikaci ba ya shinshina igiya, Baba."

Ya yi murmushi. "Ke kin ɗauka?"

"Na ɗauka, suna kwance cikin laka. Tun ranar na kasa buɗe wayar."

"Kawo, ni zan nuna musu, ke ki kau da kai."

Ta miƙa masa wayar, ta karɓi igiyar.

"To, wannan ni zan yi mata magana. Bakina ya fi naka kaifi."