Turaren Habsu

"Goshina kamar an ɗora man turmi, hanci kullum a toshe," in ji wani tsoho, muna jiran motar Anka a tashar Gummi.

Matar da ke kusa da shi ta ce, "Sannu, Baba. Ka tahi asibiti?"

"Na tahi. Sun ba ni maganin hesawa, sun ce jikina bai son turaren wuta."

"To, a daina mana!"

"Ɗiyata, Habsu matata ka haɗa shi da hannunta. Tun aurenmu take turara man riguna."

Ya yi atishawa, ya sake sunsunar hannun rigar.

"Kai, Baba! Hwaɗa mata!" in ji matar.

"Bakina bai iyawa. Gidanmu na bayan tashar Anka. Don Allah, in mun sauka, ki shiga ki lallashe ta?"