Lambar da Malam Mu'awiyya Ya Bar Mana a Allo

Assalamu alaikum. Shugaban wannan taro, wakilin hakimi, shugabar makarantarmu, malamanmu, iyayenmu maza da mata, baƙinmu na Tambuwal da Jabo da Sanyinna da suka keto wannan hanya har Kebbe, 'yan'uwana ɗalibai, ina gaishe ku. Sunana Bashira Almu, 'yar aji biyar.

Na gode da aka ba ƙungiyar lissafi dama, ko da yake yau ni kaɗai ce ƙungiyar.

Bara malaminmu na lissafi, Malam Mu'awiyya, ya rubuta mana lamba a allo: biliyan biyu, da miliyan ɗari da arba'in da bakwai, da dubu ɗari huɗu da tamanin da uku, da ɗari shida da arba'in da bakwai.

Abu uku zan faɗa muku game da ita. Na farko, asalinta. Ka jera biyu sau talatin da ɗaya, ka ninka su, ka cire ɗaya.

Na biyu, halinta. Ba ta rabuwa daidai sai da ɗaya, sai da kanta. Da a ce dammunan gero ne, ko gida biyu za a raba wa, ko bakwai, ko dubu, sai an yi saura. Da na faɗa wa kakata, cewa ta yi, "Ke Bashira, abin da ba shi rabuwa mi za a yi da shi? Wanga ai faɗa zai kawo cikin dangi."

Na uku, mun ce ba mu yarda ba sai mun gwada da hannunmu. Malam ya yi dariya, ya ce, "Rabo kusan dubu biyar ke gabanku, 'yan taurin kai. Bismillah." Mu 'yan ƙungiyar, ni da Fadimatu da Zahara'u, muka raba aikin kamar gayya.

Sai iyayen Fadimatu suka tashi da shanunsu, suka tafi da ita. Sai Zahara'u ta koma roron wake. Sai aka yi wa Malam canjin wurin aiki, kuma har yau ba a turo kowa ba.

Ban daina ba. Amma a watan jiya na yi wani rabo, ya fita daidai, babu saura. Iyayena, hakan ba ya yiwuwa. Ni ce na yi kuskure. Na duba, na sake dubawa, ban gan shi ba, kuma duk makarantar nan babu wanda zai nuna mini. Baɗi za mu zauna jarrabawar fita, a haka.

An sha yi mana alkawarin malami, na daina sa rai. Roƙona ƙarami ne: aikin yana nan a allon ajinmu, na hana a goge. In akwai mai iyawa a cikinku, ya leƙa kafin ya hau babur.

Allah Ya saka wa Malam da alheri inda yake. Allah Ya mai da kowa gida lafiya. Allah Ya dube mu.

Na gode.