Wai Ni Ba Matarsa Ba Ce

Salamu alaikum Malam mai gabatarwa, ina gaida masu sauraro daga unguwar Alabar.

Maigidana hafsan sojan ruwa ne mai ritaya, ya rasu bara. Da na fita takaba, na je ofishin fansho neman haƙƙina. Ma'aikacin ya ce, "Maame," wato Mama a yarensu, "ina takardar rajistar aure?"

Na ce a masallaci aka ɗaura, gaban liman da shaidu, aka raba goro.

Ya ce, "To, a wurinmu marigayin bai da mata."

Ni da na reni 'ya'yansa yana can kan teku.

Malamai, ku ba ni shawara. In ni ba matarsa ba ce, takabar wa na yi?