Achar Baba da Yashin da Ya Ƙi Fita

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa. Ni ce Rabi daga Unguwar Ya.

Mahaifina ciwon suga gare shi. Bara likita a Birnin Kudu ya ce a rage masa tuwon shinkafa, a riƙa ba shi acha da kunun tamba, domin suna riƙe ciki, kuma ba sa ɗaga suga da sauri. Alhamdu lillahi, jirin da yake ji ya ragu, har ya koma zuwa masallaci da ƙafarsa.

To amma Malama, na gaji. Sai na shiga mota zuwa kasuwar Gwaram nake samun acha, wani zuwan ma in dawo hannu rabbana. Ga kuma yashi. Ina wuni ina rege ta a ƙwarya har bayana ya ƙage. Duk da haka jiya Baba ya tauna yashi, ya cire hannu daga kwano, ya ce, "Rabi, ki huta haka nan, tuƙa mini shinkafata." Ban tuƙa ba, na zagaya bayan ɗaki na yi kuka.

Iyaye mata masu sauraro, don Allah yaya kuke raba acha da yashi? Ina tsoron ranar da gajiya za ta sa in ce masa to.